Wa Ya Kira Wuƙa Cikin Kotu?

Jama'a, akwai wata magana da masu sha'awar wasan kwaikwayo su ke yi, har ta zama kamar karatu a bakinsu. Wai in marubuci ya ɗauki labarinsa da hannunsa ya mai da shi wasa, to, kome ya sake a ciki ba mai ikon ɗaga murya, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa. Ni dai ban karɓi wannan magana ba. Mai ɗaki ya san inda ke yoyo, gaskiya ne, amma sau nawa muka ga mai ɗaki ya hau gyaran rufi ya ɓurma inda da ma lafiya lau ya ke? Yau ina so mu dubi wani labari na Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar nan ta Ingila, wanda ita da kanta ta mai da shi wasa. Shekara 70 da ɗoriya ke nan ana yi wa wasan tafi, ni kuwa na ce ta cuci labarin. Sunansa The Witness for the Prosecution, watau mai ba da shaida a gefen masu ƙara.

Wanda bai karanta shi ba, bai kuwa ga wasan ba, in ya fi son ya tarar da tukunyar da murfinta, to, ya ajiye jaridar nan tukuna. Ba yadda za a yi gardama a kan wutsiyar labari ba a kama wutsiyar ba.

Labarin ya fara fitowa a Amurka ran 31 ga Janairu 1925, cikin wata mujalla da a ke kira Flynn's. Sunan da ya fito da shi a lokacin Traitor Hands, watau hannuwa maciya amana. Ku riƙe wannan suna, za mu komo kansa. A 1933 ya shiga littafin The Hound of Death a Ingila, da sunan da aka san shi da shi yanzu. Gajere ne, zama guda ya isa a gama shi.

Ga yadda ya ke. Wani saurayi matalauci, Leonard Vole, ya taimaki wata dattijuwa mai dukiya, Emily French, a kan titi a Landan, ya tsince mata kayanta da suka zube. Daga nan suka saba, ya riƙa zuwa gidanta, har ta yi wasiyya ta bar masa mafi yawan abin da ta mallaka. Wata rana aka wayi gari an kashe ta. Mai aikinta, Janet Mackenzie, ta ce ta ji muryarsa a ɗakin a daren. Aka kama shi. Ya rantse wa lauyansa, Mista Mayherne, cewa sa'ad da aka yi kisan yana gida, matarsa Romaine ita ce shaidarsa. Lauya ya dube shi, ya ji maganarsa, ya yarda da shi har cikin zuciya. Mai karatu ma haka.

Sai lauya ya tafi wajen Romaine, baƙuwa ce daga Biyana ta ƙasar Ostiriya, da can 'yar wasan kwaikwayo ce. Ta ce masa ita ba ta ƙaunar Leonard, kuma a shari'a ba matarsa ba ce, gama tana da wani mijin a raye, saboda haka dokar da ta kare miji daga shaidar matarsa ba ta shafe ta ba. Ta kuwa tsaya a kotu ta ce ya komo gida da jini a rigarsa, ya gaya mata shi ya yi kisan. A Ingila ta wannan zamani, hukuncin mai kisa igiya ce. Ana cikin haka, wata mata mai mummunan tabo a fuska ta kira lauyan zuwa wani lungun matalauta, ta sayar masa da wasiƙun da Romaine ta rubuta wa wani farkanta, inda ta bayyana cewa ƙarya za ta ƙulla wa Leonard don a rataye shi ta huta. Aka karanta wasiƙa a kotu, shaidarta ta rushe, 'yan juri, watau mutum 12 da ke yanke ko mutum ya yi laifi ko bai yi ba, suka wanke Leonard.

To, a nan hannuwan suka ci amanar mai su. Lauya ya tuna Romaine tana da wata al'ada ta dunƙule hannu da buɗewa, ya kuma tuna ya taɓa ganin wannan motsi a wajen mai tabon fuska. Ashe mutum guda ce! Da ya tare ta, ba ta musa ba. Ta ce shaidar mace mai son mijinta ba wanda zai saya ko a kan kwabo, amma muguwar mace da aka kama da ƙarya a gaban jama'a, wannan kam kowa zai gaskata kishiyar abin da ta faɗa. Lauya ya ce lalle ta yi kasada, amma ya gane, ta yi ne don ta tabbata ba shi da laifi. Ita kuwa ta ba shi amsa cewa bai gane kome ba, ta yi ne don ta san shi ya yi kisan. Nan labari ya tsaya cak, ba ƙarin ko harafi.

Ku duba irin marin da ke cikin wannan tsayawa. Ba wanda ya karɓi hanci a labarin nan. Alƙali adali ne, lauya mutumin kirki ne, 'yan juri sun saurara da kunnen basira, an bi kowace ƙa'ida daki-daki, duk da haka mai kisa ya fita ta babbar ƙofa da dukiyar wadda ya kashe. Da me aka ci su? Da halinsu na kirki, da kuma ɗan abin nan da ke zuciyar kowa, watau daɗin da mutum kan ji in ya ga ya kama maƙaryaci, balle maƙaryacin ya zama baƙuwa. Mai karatu kuma ba shi da inda zai ɓuya, don shi ma ya yi murna da aka karanta wasiƙar. Sai ya rufe littafi da ɗaci a baki, ɗacin nan kuwa shi ne dukan amfanin labarin.

Shekara 28 bayan haka, Peter Saunders, wanda ya ɗauki nauyin wasanta The Mousetrap a 1952, ya matsa mata ta mai da labarin wasa. Da fari ta noƙe, tana tsoron kada ta yi kuskuren shari'a lauyoyi su yi mata dariya. Daga baya ta karanta labarin manyan shari'o'i, ta yi ta tambayar masana doka, ta rubuta. Aka fara gwada shi a Nottingham cikin Satumba 1953, sa'an nan aka buɗe shi a gidan wasa na Winter Garden a Landan ran 28 ga Oktoba. Patricia Jessel ce ta fito a Romaine, David Horne a babban lauya, Derek Blomfield a Leonard. An nuna shi fiye da sau 450. Ran 16 ga Disamba 1954 ya buɗe a gidan wasa na Henry Miller a Niyu Yok, inda aka yi shi sau 645, Patricia Jessel da Francis L. Sullivan kowannensu ya sami lambar Tony, masu sharhin wasa na birnin kuma suka zaɓe shi a kan ya fi kowane wasan ƙetare a shekarar.

Kada a ce ina hana mai haƙƙi haƙƙinsa. Abubuwa da dama da dandamali ya ƙara, ƙari ne na gaske. A labarin, shari'ar kanta 'yan shafuka ce, a wasan kuwa ita ce gadon bayansa. An kafa kotun Old Bailey a gaban 'yan kallo, da alƙali, da magatakarda, da 'yan sanda, da likita, mutum wajen 30, har mai kallo ya manta kuɗi ya biya ya shigo, ya ɗauka shi ma cikin juri ya ke. An ƙirƙiro Sa Wilfrid Robarts, lauya mai kaifin harshe da ji da kai, wanda ya fi Mayherne daɗin kayarwa, don faɗuwar mai taƙama ta fi ƙara. Akwai kuma wata wahala da takarda ba ta sani ba. A littafi, marubuciya ta ce ga wata mai tabo, shi ke nan, ka yarda. A dandamali kuwa tilas 'yar wasa guda ta sake murya da tafiya da fuska, ta ruɗi ɗaruruwan idanu da suka gama kallonta ɗazu-ɗazu. Wadda ta iya wannan ta ci lambarta da guminta.

Amma ga abin da aka yi wa wutsiyar. Bayan Romaine ta faɗa wa Sa Wilfrid gaskiya, ba a saki labule ba. Sai ga wata yarinya ta rugo cikin kotu ta rungume Leonard. Shi kuwa ya dubi matar da ta sayar da mutuncinta ta fanshe wuyansa, ya gaya mata ya yi sabuwa, ta san inda dare ya yi mata. Akwai wuƙa a kan tebur, wadda aka kawo shaida, don Leonard ya ce da ita ya yanke a hannu har jini ya ɓata masa riga. Romaine ta ɗauka ta soke shi, ya faɗi matacce, ta fuskanci kujerar alƙali ta amsa laifinta. Sai labule.

Masu kare wannan ƙarshe su kan ce, ai adalci ne, ba a bar mai kisa ya sha ba. Wannan ita ce hujjarsu babba, ita ce kuma ta fi rauni. Ina tambayarku, jama'a, don me Leonard ya mutu? Don ya kashe Emily French? Ko kusa! Romaine ta san da kisan tun daren da aka yi shi, bai hana ta barci ba, bai hana ta ƙaunarsa ba, bai kuwa hana ta rantsuwa a kan ƙarya ba. Abin da ya sa ta ɗauki wuƙa, kishi ne. Da Leonard ya iya bakinsa na minti biyar, ya kama hannunta suka fita, da sun ci dukiyar dattijuwa tare har tsufa. Watau a wasan nan kisan kai ba ya jawo kome, yi wa mace kishiya a bainar jama'a shi ke jawo mutuwa. Wannan ne adalcin? Ita Emily French, wadda aka fasa wa kai a ɗakinta, ba wanda ya tuna da ita sa'ad da labule ke sauka. An rama wa mai taya ɓarawo, an bar mai kaya kwance.

Ga kuma abin da aka yi wa Romaine kanta. A labarin ita ce ta fi kowa hankali. Ta karanci lauya, ta karanci juri, ta karanci Ingila duka, ta san inda za ta taɓa kowa ya motsa. Ta san mijinta har ƙashi, tun da ta san abin da ba wanda ya sani. To, yaya mace irin wannan za ta kasa sanin yana da budurwa? Wasan ya ce mu yarda wadda ta ruɗi kotun Sarauniya, wani saurayi mara sana'a ya ruɗe ta a cikin ɗakinta. An ɗauki mace mai ban tsoro an mai da ita abin tausayi, don 'yan kallo sun fi sabawa da macen da aka yaudara bisa ga macen da ta zaɓi mugu ido buɗe. Ita kuwa yarinyar da ta kawo wannan juyi, ko suna ba a ba ta ba, a jerin 'yan wasa “ɗaya macen” kawai aka rubuta. An ɗan ambace ta a tsakiyar shari'a, inda aka tambayi Leonard zuwansa ofishin tafiye-tafiye yana tambayar kuɗin yawon jirgin ruwa, daga nan sai ta ɓace, sai da aka bukaci dalilin ɗaukar wuƙa aka jawo ta kamar guga. Hannuwan nan ma da suka ba labarin sunansa na fari, an yar da su. A wasan lauya bai gano kome da idonsa ba, ita ce ta sake masa muryar mai tabo ta tona kanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarar da aka yi wannan. Ku tuna abin da mutanen Landan suka gani a 1953. A Maris 1950 an rataye wani mutum, Timothy Evans, a kan kisan 'yarsa, bayan an yi masa shari'a a wannan kotu ta Old Bailey. Babban mai shaida a gefen masu ƙara maƙwabcinsa ne na gida ɗaya, John Christie, wanda suna kawai ya haɗa shi da marubuciyar. A Maris 1953 aka tono gawawwakin mata a gidan, aka gane mai shaidar nan shi ne makashi, aka rataye shi ran 15 ga Yuli. Evans kuwa sai a 1966 aka yi masa afuwa, yana cikin kabari. Wata uku da 'yan kwanaki bayan an rataye mai shaidar, aka buɗe wasa a kan kotun da mai shaida ya ruɗa. Ba a taɓa samun 'yan kallon da suka fi waɗannan cancantar a gaya musu gaskiya tsirara ba, cewa kotu ta kan yi kuskure ko da kowa ya yi aikinsa, kuma wani kuskuren ba ya gyaruwa. Maimakon haka aka ba su wuƙa su wanke hannu da ita, su tafi gida da sanyin zuciya, wai ko kotu ta kasa, wani abu zai faɗo daga sama ya daidaita.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ita marubuciyar ta faɗa a tarihin rayuwarta cewa kusan duk waɗanda ke tare da ita sun ƙi wannan ƙarshe, sun ce zai ɓata wasan, ita ce ta kafe ta ce in ba shi, to, ba wasa. Haka ne. Wannan ya nuna tana da ƙarfin zuciya, amma bai nuna ita ke da gaskiya ba. Christie ta 1925 da Christie ta 1953 ba mutum guda ba ne. Ta farkon matashiya ce da ba ta da sunan da za ta tsare, ta biyun kuwa ta zama sarauniya, ta kuma daɗe tana jin ciwon ta bar mai kisa ya kuɓuta, abin da ba ta cika yi a littattafanta ba. In su biyun suka yi gardama, ba dole ne babba ta ci ba. Za a kuma kawo mini lissafin kwanakin da aka yi ana nunawa. To, yawan masu saye shaida ce ta zaƙi, ba shaidar ƙoshi ba. Kuma wa ya ce wuƙar ce ta cika gidan? Mutane sun zo ne don shari'ar da wasiƙun da tonuwar mai tabo, waɗannan kuwa duk tun 1925 su ke.

Hujja guda da na ga tana da ƙafa ita ce ta masu sana'ar dandamali, da su ke cewa ba a sakin labule a kan magana, sai a kan aiki, don ido ya ke ci a gidan wasa ba kunne ba. Amma su ma sun san ba haka abin ya ke kullum ba. Ku kwatanta a ranku: kotu ta watse, Leonard ya fita ana taya shi murna, Sa Wilfrid na tattara takardunsa yana jin ya ceci marar laifi, mace ta faɗi kalmominta, ya daskare da takarda a hannu, fitilu su mutu. Wane suka ne zai kai wannan zafi? Dokar Ingila ta lokacin ma tana taya wannan ƙarshe, gama wanda aka wanke ba a sake gurfanar da shi a kan laifi guda. Sai dokar 2003 ta buɗe ƙofar haka a manyan laifuffuka in sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito. Watau Sa Wilfrid ya sani, ba kuwa abin da zai iya. Wannan shi ne abin tsoron, shi kuma aka toshe.

Da ya ke ƙarshen wasan ne ya yi suna, shi ya bi duniya. A 1957 Billy Wilder ya mai da shi siliman, da Charles Laughton da Marlene Dietrich da Tyrone Power, aka sake wa matar suna zuwa Christine, har a ƙarshe wata murya ta roƙi 'yan kallo kada su faɗa wa kowa yadda aka ƙare. Siliman ne mai kyau ƙwarai, ba na musu, amma ya ƙara wa ɓarnar gishiri, don a cikinsa lauyan da bakinsa ya kira sukan zartar da hukunci, ya kuma ɗaura ɗamarar kare ta. Kun ga ke nan an naɗa wa kishi rawanin alƙali. A 2016 gidan BBC ya koma kan labarin asali, Sarah Phelps ta rubuta, aka bar Leonard da Romaine suka sha. Sai dai su kuma suka zarce, suka rataye mai aikin nan Janet a kan laifin da ba ta yi ba, suka tura lauyan cikin teku. Na farko sun ji ɗaci ya yi yawa sun zuba zuma, na biyu sun ji bai isa ba sun ƙara maɗaci. Ba wanda ya yarda ya tsaya inda labarin ya tsaya.

A Oktoba 2017 Lucy Bailey ta sake ɗora wasan a County Hall, tsohon zauren majalisar birnin Landan da ke bakin kogin Tems. 'Yan kallo na zama a kujerun 'yan majalisa kamar masu sauraron shari'a, wasu ma a kan zaunar da su a kujerun juri. Dabara ce mai kyau, ta kuma karɓu, har aka yi shekaru ana cika zauren. Amma ku dubi abin da aka yi asara. Ga mutane an zaunar da su a inda a ke yanke hukunci, an ruɗe su da idonsu biyu, sun ji an wanke mai kisa a gabansu. Ba lokacin da ya fi wannan dacewa a bar su da abin da suka yi. Sai kuma yarinya ta rugo, wuƙa ta tashi, kowa ya yi ajiyar zuciya ya nemi hularsa.

Ba na cewa a daina wasan. Cewa na ke, ko sau ɗaya, wani mai ƙarfin hali ya nuna shi da ƙarshen 1925, a ga ko rufin gidan zai faɗo. Sai dai ba a taɓa rubutun ba da yardar masu riƙe da haƙƙinsa ba. Christie ta rasu ran 12 ga Janairu 1976, dokar Ingila kuwa tana tsare aikin marubuci shekara 70 bayan mutuwarsa, saboda haka in su ba su yarda ba, mai son gwadawa a can sai ya jira 2047.